Gidan Hutu a Bakin Teku: Wa Ke Ciki Sa'anda Ba Ka Nan?

 

A wannan fili mun saba zancen kuɗin makaranta, da tanadin hatsi, da ginin gidan zama. Wannan wata kuwa za mu ɗauki wata magana wadda a dā ba ta shafe mu ba ko kaɗan. Iyayenmu ba su san wani abu wai shi gidan hutu ba. In mutum ya gaji sai ya tafi ƙauye wurin dangi, ya kwana biyu, ya komo. Amma zamani ya juya. Yanzu akwai 'yan'uwanmu ma'aikata da 'yan kasuwa a Akra da Kumasi da Legas, akwai kuma 'ya'yanmu da ke ƙasashen Turai suna tara ɗan abin da suka samu, waɗanda suka fara marmarin su mallaki ƙaramin gida a wani gari marar hayaniya a bakin teku, inda za su riƙa kai iyali lokacin Kirsimati ko dogon hutu. Dillalai kuwa sun gane haka. Hotunansu sun cika wayoyin mutane: ga itatuwan kwakwa, ga farin rairayi, ga kwale-kwalen masunta a jere.

Ba laifi ba ne mutum ya so hutu. Jikin da ya yi aiki ya cancanci ya miƙe ƙafa, yara kuma suna ƙaruwa ƙwarai in suka ga wata ƙasa dabam da tasu. Amma ga abin da nake so mu riƙe tun daga farko. Shekara mako 52 ce. Ma'aikaci in ya yi sa'a zai sami mako uku ya kai iyalinsa hutu. Saura mako 49 ke nan da gidan zai zauna ba shi. Mai saye yakan duba mako ukun nan ya biya kuɗi, alhali kuwa mako 49 ɗin su ne za su nuna ko ya yi ciniki ko ya yi hasara. A cikin makonnin nan teku tana aikinta, gishiri yana aikinsa, masu jayayya a kan fili su ma ba barci suke yi ba.

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki gari guda mu dube shi da kyau. Na zaɓi Keta, ta ƙasar Gana.

Garin Keta

Keta tana kudu maso gabashin Gana, cikin Jihar Volta, ba nisa da iyakar Togo. In ka tashi daga Akra ka kama hanyar Aflao, za ka haye Kogin Volta a gadar Sogakope, ka ratse dama a Dabala, ka bi ta Anloga har ka iso. Tafiyar awa uku ce ko huɗu a mota. Garin yana zaune a bisa wani siririn tudun rairayi, teku a gabansa, a bayansa kuma wani babban tafki wanda ya fi kowane irinsa girma a ƙasar. A wasu wurare tudun ya tsuke har mutum yana tsaye a kan hanya yana ganin ruwa dama da hagu. Mutanen wurin Anlo ne, watau wani reshe na kabilar Ewe. Sana'arsu su, da noman ƙananan albasa, da kwasar gishiri. Sunan garin ma a bakinsu ma'anarsa “kan rairayi”.

Tsohon gari ne mai tarihi. Turawan Danmak sun gina wata ganuwa a nan a 1784, ana ce da ita Prinzenstein, inda aka tsare bayi kafin a haye da su teku. A 1850 suka sayar wa Ingilishi. 'Yan mishan na Bremen daga ƙasar Jamus sun buɗe tasha a garin a 1853. Shekaru da yawa jiragen ruwa suna tsayawa daura da Keta ana sauke kaya da ƙananan jirage, kasuwa tana ci, kamfanonin Turawa suna da manyan ɗakunan ajiya. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 sai ciniki ya koma can.

To, baƙon da ya zo yau ya ji garin shiru, iska tana kaɗawa, sai ya ce ya sami wurin hutawa. Gaskiya ne, wurin yana da daɗi. Amma ya kamata ya san dalilin shirun. Kasuwa ce ta watse, teku kuma ta cinye babban yanki na tsohon garin. Akwai tituna da gidaje da kantuna waɗanda tsofaffin Keta suka yi wasa a ƙofarsu suna yara, yau kifi ne ke yawo a wurin.

Maƙwabciya ta fari: teku

Me ya sa teku take cin ƙasa a nan? Bari in bayyana kamar yadda zan yi wa 'yan aji.

Raƙuman ruwa a wannan gaɓa ba su zuwa kai tsaye, a karkace suke bugun ƙasa, daga kudu maso yamma. Saboda haka kowane bugu yana tura rairayi kaɗan zuwa gabas. Dare da rana haka ake yi, rairayin yana tafiya a hankali wajen Togo. A dā Kogin Volta yana kawo sabon rairayi daga can cikin ƙasa ya zuba a bakin teku, yamma da Keta, raƙuman ruwa su ɗauka su mayar da abin da suka kwashe. Kamar rumbu ne wanda ake ɗiba kullum, amma kowace kaka ana sake cika shi.

Tun kafin zamanin 'yancin kai teku tana taɓa garin. Amma a 1965 aka gama babbar madatsar ruwa ta Akosombo a kan Volta, domin samun wutar lantarki. Ruwan kogi in ya shiga tafkin madatsa sai gudunsa ya mutu, rairayin da ya ɗauko ya kwanta a can bayan bango. Ruwa yana wucewa, rairayi ba ya wucewa. Rumbu ya zama ana ɗiba ba a zubawa. Ga kuma masu kwasar yashin bakin teku domin yin bulo, ko da shi ke doka ta hana. Bugu da ƙari, masana sun auna cewa ruwan tekun duniya ya tashi da misalin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, yana kuwa ƙara sauri. Santimita 20 bai kai tsawon rular ɗan makaranta ba, amma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ɗan tashin nan yana kai ruwa nesa.

A 1980 teku ta rushe babban sashe na ganuwar Prinzenstein, ginin dutse wanda ya yi kusan shekara 200 a tsaye. Daga baya gwamnati ta yi babban aikin kāre garin, wanda ya ci fiye da dala miliyan 80, aka gama a 2004. An jera manyan duwatsu a gaɓa, an kuma miƙa waɗansu jerin duwatsu cikin teku kamar yatsu, domin su tare rairayin da ke wucewa. Aikin ya taimaki Keta ƙwarai. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Rairayin da yatsun nan suka tare, dā can hakkin ƙauyukan gabas ne. Da ya daina isa gare su sai teku ta juya kansu. A watan Nuwamba na 2021 ruwa ya hau cikin dare ya kori dubban mutane daga gidajensu a wannan yanki. A watan Maris na 2025 ya sake hawa kan Agavedzi da Salakope da Amutinu, ya rushe gidaje, har kaburbura bai bari ba. Can yamma kuma, kusa da inda Volta ya shiga teku, ƙauyen Fuveme ya tashi, gidajensa da makarantarsa sun tafi cikin ruwa.

Ba daga gaba kaɗai ruwa yake zuwa ba. A 2023, da tafkin Akosombo ya cika maƙil, dole aka buɗe ƙofofinsa, ruwa ya mamaye garuruwan da ke ƙasa da madatsar, kamar su Mepe, dubban mutane suka kwana a makarantu. Wanda zai sayi fili a ƙasar da ke tsakanin kogi da tafki da teku, sai ya dubi bayansa kamar yadda yake duban gabansa.

Dukanmu mun san misalin nan na magina biyu tun muna ajin Lahadi, mun kuma san abin da ya sami gidan na biyun. A Keta ba misali ba ne, duk garin a kan rairayi yake. Abin tambaya shi ne, wane rairayi? Na bayan duwatsun kāriya, ko na inda duwatsun suka ƙare? Filaye biyu suna iya zama kilomita kaɗan tsakaninsu, hotonsu iri ɗaya, ɗaya zai kai jikoki, ɗaya ba zai kai yaye ba. Sau da yawa kuwa mai arahar shi ne na biyun. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Yaya baƙo zai rarrabe? Kada ya tambayi dillali, gama dillali la'adarsa yake nema. Ya tafi da sassafe inda masunta suke jan taru, ya gai da dattijon da ya fi kowa furfura, ya ce, “Baba, sa'anda kake yaro, ina bakin ruwa yake?” In dattijon ya miƙa hannu can cikin teku, to, an ba shi amsa. Ya dubi kututturan kwakwa da suka faɗi saiwoyinsu a waje, da tsofaffin harsasan gini da ke leƙowa daga cikin rairayi. In akwai yaro mai kwamfuta a gida, ya sa shi ya buɗe Google Earth ya gwada hotunan wurin na shekarun baya da na yanzu. Matambayi ba ya ɓata.

Maƙwabci na biyu: gishiri

Mu mutanen tudu mun san abokan gāban gini a wurinmu: ruwan sama mai zaizaye katanga, da gara, da guguwar farkon damina mai yaye kwano. A bakin teku akwai wani wanda ba mu saba da shi ba, ba ya kuwa jin ƙarar zuwansa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, tana shafa shi a kan kome.

Kwanon rufi irin namu wanda zai yi shekaru masu yawa a Zariya ko Jos, a can ba ya daɗewa sai ka ga ya yi ja, ya fara huda. Ƙusa, da ƙyauren ƙarfe, da kwaɗo, da fanka, da firiji, da wayoyin lantarki, duka tsatsa tana binsu. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a cikin kankare inda ido ba ya gani. Gishiri yana ratsa siminti a hankali har ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa sai ya kumbura, ya tsage kankaren daga ciki. Ran da ka ga jan zane a jikin ginshiƙi, ko ɓangaren daɓen sama ya ɓamɓaro, aikin ya riga ya yi nisa. In kuwa maginin ya yi bulo da yashin bakin teku domin sauƙi, to, tun ranar gini aka rufe ɓarawo a ɗaka.

Saboda haka sabon fenti ba shaida ba ne. Wanda zai sayar da gida yakan yi masa kwalliya kamar amarya. Mai saye ya zo da nasa magini, wanda ba shi da rabo a cinikin, ya hau rufi, ya ƙwanƙwasa ginshiƙai, ya tambaya daga ina aka kawo yashi.

Ruwan sha ma abin dubawa ne. A irin wannan tudu ruwan daɗi yana kwance ne a bisa ruwan gishiri, ba shi da kauri. Rijiya in an zurfafa ta, ko an sa mata inji ana zuƙa da yawa, sai ta koma zartsi. Da shi ke kuma ruwan yana kusa da sama, masai in ya yi kusa da rijiya yakan ɓata ta. Uwargida ta ɗanɗana ruwan da bakinta, ta gwada shi da sabulu ta ga ko yana kumfa.

Sa'an nan ga laima. Ɗakin da aka kulle wata goma sha ɗaya a bakin teku, ran da aka buɗe za a tarar katifa ta yi fumfuna, tufafi suna wari, littattafai sun manne. Gida yana son numfashin mutum. Wanda ba a buɗe tagoginsa, ba a share shi, kango ne mai fenti. Iyali da yawa da suka zo hutun mako uku, makon fari wanki da shanya ne, na biyu neman kafinta da mai gyaran famfo, na uku kuma shirin komawa.

Maƙwabciya ta uku: takarda

A nan ne mutane suka fi yin kuka, gama teku takan ba da shekaru, amma takardar banza a rana ɗaya take cinye kuɗin mutum.

Abu na fari, in kai ba ɗan ƙasar Gana ba ne, ka sani ba za ka mallaki fili har abada ba. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya hana. Abin da baƙo zai samu shi ne haya mai dogon wa'adi, wadda ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda. Ɗan Nijeriya yana iya shiga Gana ba biza ya zauna har kwana 90 bisa ga yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma, amma wajen fili baƙo ne kamar kowane baƙo. Wani zai ce, “Sai in kafa kamfani in saya da sunansa.” Dokar Filaye ta 2020 ta toshe wannan ƙofa: kamfanin da baƙi suka riƙe fiye da kashi 40 cikin 100 na jarinsa, shi ma baƙo ne. Wani kuma zai ce, “Sai in sa sunan abokina ɗan ƙasa.” To, a idon hukuma gidan abokinka ne, in ya mutu kuma na magādansa ne. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abu na biyu, yawancin filayen Gana suna hannun sarakuna ne ko dangi, a yankin Anlo kuwa galibi na dangi ne. Ko ɗan ƙasa ma, haya yake samu a irin wannan fili, yawanci ta shekara 99. Filin dangi ba na mutum ɗaya ba ne. Sai shugaban dangin tare da manyansu sun yarda kafin ciniki ya tsaya. In wani saurayi daga cikin dangin ya karɓi kuɗinka ya ba ka takarda, ran da ka kawo bulo za ka ga kawunansa sun fito. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku tsohuwar cuta ce a ƙasar, har ta haifi 'yan daban da ake ɗauka su tsare fili da makami. Dokar 2020 ta sa wa wannan aiki hukuncin ɗauri, amma wanda yake Kaduna ko Landan yaya zai bi shari'a a kotun da ke wata ƙasa?

Abu na uku zai yi wa iyayenmu mata daɗi. Dokar nan ta ce filin da aka saya a cikin zaman aure, miji ba shi da ikon sayar da shi sai da yardar matarsa a rubuce, haka ita ma, in ba sun yi wata yarjejeniya dabam a rubuce ba. Watau in mai aure ne yake sayar maka da gida, ka nemi hannun uwargidansa a takardar.

Hanyar tsira ita ce bin abu daki-daki. Ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya nuna maka ba. Ka sa safiyo mai lasisi ya auna filin ya fitar da taswira. A kai taswirar Hukumar Filaye a bincika sunan wa ke rubuce a kan wurin, ko kuma akwai ƙara a kansa. Ka tambayi majalisar gari ko an yarda a yi gini a nan. Ka gai da maƙwabta na kusurwa huɗu ka ji abin da za su ce. Kafin a gama waɗannan duka, ko kafin alƙalami kada ka bayar. In dillali ya ce, “Alhaji wane yana zuwa gobe da kuɗi a hannu,” ka ce Allah ya ba shi sa'a. Bayan ciniki kuma a yi rajista da sunanka, ka rubuta wasiyya, iyalinka su san inda takardun suke.

Mu hau allo

Yanzu bari mu yi lissafi. Waɗannan lambobi na allo ne kawai domin koyo, kowa ya share ya sa nasa.

A ce gidan ya ci sidi 600,000, wa'adinsa shekara 50. In ka raba, kowace shekara ta ci 12,000. A ce maigadi yana karɓar 800 a wata, shekara ke nan 9,600. Fenti da gyaran rufi da famfo da abin da tsatsa ta ci, mu sa 10,000. Harajin gida, da kuɗin ƙasa na shekara, da wuta da ruwa, mu sa 4,400. Jimla 36,000 a shekara. Iyali kuwa kwana 21 suke yi a ciki. Raba 36,000 gida 21, za ka ga kowane dare ya tashi a kan sidi 1,700 da 'yan kai. Ba mu sa kuɗin mota ba, ba mu sa abinci ba, ba mu kuwa sa ribar da 600,000 ɗin nan za ta kawo ba da an juya ta a wata sana'a.

To, sai maigida ya tambayi kuɗin ɗaki a masaukin baƙi mai kyau a garin, ya gwada da amsar da ta fito a nasa allon. Sau da dama zai tarar haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mai haya kuma in ya tashi sai ya miƙa mabuɗi ya yi sallama. In teku ta hau, ba da shi ta hau ba. Baɗi in ya so ya tafi Ada ko Kribi ko Badagiri, ba abin da ya ɗaure masa ƙafa.

Wani zai ce, “Ai zan riƙa ba baƙi haya sa'anda ba na nan.” Yana yiwuwa. Amma gari marar hayaniya, baƙinsa ma ba su da yawa. A yankin Keta ana cika lokacin bikin Hogbetsotso na Anloga a farkon Nuwamba, da Kirsimati, da Ista, watau daidai lokacin da kai ma kake son gidan. Karɓar baƙi kuma sana'a ce mai son mai tsayawa a kai: wanki, shara, lissafi, da haƙurin jama'a. A tuna kuma wanda yake samun albashi da naira yana kashewa da sidi, doki biyu ya hau. A Disamba ta 2022 tsadar kaya a Gana ta haura kashi 50 cikin 100, a 2023 kuma naira ta fāɗi ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya rikita lissafin gida.

Maƙwabta na ainihi

Akwai masu zama a wurin mako 52 cur, su ne mutanen gari. A wurinka bakin teku wurin shan iska ne, a wurinsu gona ce. A nan suke jan taru, a nan suke ajiye jirage, a nan mata suke jiran kifi. Baƙon da ya zo ya ja katanga har bakin ruwa ya tare musu hanya, ya sayi ƙiyayya da kuɗinsa. Ya kamata kuma mai saye ya tuna cewa tudun nan mai aminci da yake nema domin hutu, shi ne waɗanda teku ta kora suke nema domin su sa kansu. Wanda ya shigo da ladabi, ya gai da sarki da dattawa, ya ɗauki 'yan gari aiki ya biya su daidai, ya sami masu gadi waɗanda ba a saye da albashi. Su ne za su buga masa waya da tsakar dare in ruwa ya taso.

Kalma ɗaya kuma saboda yara. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko rafi bai iya teku ba. A wannan gaɓa akwai wuraren da ruwa yake komawa ciki da ƙarfi kamar kogi, yana jan ko babban mutum. Kada yaro ya shiga sai inda 'yan gari suka nuna, babba kuma yana tsaye.

Shawarata

Ba na ce kada kowa ya saya ba. Akwai wanda abin ya dace da shi: wanda ya riga ya gina gidan zamansa, ba bashi a wuyansa, kuɗin makarantar 'ya'yansa yana ajiye, yana kusa da wurin har zai iya leƙawa kowane wata, ko kuma yana shirin komawa can da zama in ya bar aiki. Ga irin wannan mutum, ga abin da zan ce.

Ka fara da haya, ba sau ɗaya ba. Ka zo a Disamba da iyali, ka sake zuwa a Yuni ko Yuli sa'anda ake ruwa, teku kuma tana fushi. Gani ya kori ji.

Ka ja da baya daga bakin ruwa. Gidan da za ka yi tafiyar minti goma ko ashirin kafin ka taka rairayi ya fi wanda raƙuman ruwa suke gaishe shi ta taga.

Ka san wanda zai zauna a ciki tun kafin ka biya. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da aka kawo garin aiki, in ka ba su ɓangare ɗaya da haya mai sauƙi, a rubuce, za su riƙa buɗe tagogi su ga ɗigon rufi tun yana ƙarami.

Kuɗin da za ka sa ya zama wanda in ya tafi duka, tukunyar gidanka ba za ta sauka ba.

A ƙarshe, kada maigida ya yanke wannan shawara shi kaɗai. Dukiyar iyali ce, uwargida kuwa sau da yawa ita take fara hango abin da sha'awa ta rufe wa miji ido. Ku zauna da dare bayan yara sun kwanta, ku ɗauko takarda da fensir, ku amsa waɗannan tare: Kwana nawa muka yi hutu bara, ba wanda muke fata ba, wanda muka yi? In aka kira mu yau aka ce rufi ya yaye, wa zai tafi, da wane kuɗi? In mun so sayarwa bayan shekara goma, wa zai saya? In amsoshin sun kwanta muku a rai ku biyu, ku ci gaba sannu a hankali. In ɗayanku ya yi shiru, ku dakata tukuna, gama sannu ba ta hana zuwa.

Masu karatu da ke zaune a garuruwan bakin teku, a Gana ko Kamaru ko kudancin Nijeriya, ku rubuto mana abin da idonku ya gani, domin 'yan'uwa na tudu su ƙaru. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba zancen rubuta wasiyya, da dalilin da ya sa magidanta da yawa suke jin tsoronta.

Ku huta lafiya.